Rigar Tafiyar Baba

Abubuwa da yawa sun same ni a New York, wasu na manta da su sarai sai in wani ya tuna mini. Amma maganar wata tsohuwar farar riga da ta kusa jawo mini kunyar duniya da ta lahira, wannan kam ko tsufa ya cinye mini hankali ba na jin zai iya cinye ta. Har yau in na tuna sai in ji haushi ya taso mini sabo fil, haushin tsohuwar da ta gasa mini aya a hannu, da haushin kaina da na miƙa mata hannun.

A lokacin ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, kamar shekara biyu bayan babbar guguwar nan da ta cika gidajen bakin ruwa da ambaliya. Ina zaune a Concourse Village tare da yayata, mu biyu 'yan Zangon Kumasi, sai kamfanin da nake wa aiki suka tura ni Port Richmond. Wanda bai san garin ba zai ce ai duk New York ce. To jirgin ƙasa nake shiga tun daga Bronx har ƙarshen Manhattan, in sauka in hau jirgin ruwa, in sauka in tsaya jiran bas. Awa biyu zuwa, awa biyu dawowa. Kafin in isa gidan aikin na riga na gaji, kuma ni in na gaji bakina ba shi da linzami.

Tsohon da nake kula da shi ya haura tamanin, mutumin Indiya ne daga cikin al'ummar da ake kira Parsi. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini dikri, wato 'yata da yarensu. Ranar farko na gan shi tsaye yana fuskantar wata 'yar fitilar mai, yana kwance wata farar igiya daga ƙugunsa yana sake ɗaurawa, bakinsa na motsi. Da na ba yayata labari ta ce Majusawa ne, wuta suke bauta wa. Washegari kuwa na tambaye shi kai tsaye. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ke da kike fuskantar bangon ɗakina kina salla, bangon kike bauta wa?" Ya ce Ubangiji ɗaya suka sani, haske kawai suke fuskanta. Ban sake tayar da maganar ba.

Abin da ya fi damuna da shi fari ne. Riga fara, wando fari, zanin gado fari. A ƙarƙashin rigarsa kullum akwai wata 'yar shara ta farin yadi marar kauri, sudra suke ce mata, da wani ɗan aljihu a wuyanta wanda ko ƙwandala ba zai ci ba. Ya ce aljihun ayyukan alheri ne, mutum ya riƙa duba shi kullum ya ga me ya tara. Wankin waɗannan riguna kuwa shari'a ce mai zaman kanta. Ba a haɗa su da komai, ba a shanya su kusa da komai, in na goge sai ya ɗaga ɗaya bayan ɗaya a jikin taga yana dubawa. Wata rana haƙurina ya ƙare na ce, "Baba, don Allah me zai hana ka sayi masu ruwan toka mu huta?" Ya ce, "Fari ba ya rufa wa datti asiri, dikri. Shi ya sa muke sa shi, don mutum ya ga dattinsa da wuri ya wanke." Na ce a raina, ai ba kai kake wankin ba. A ɓoye Balbela nake kiransa.

A hawan ƙasa na gidan kuma akwai ƙanwar marigayiyar matarsa. Inna ce a wajen ɗansa, don haka ni ma Inna zan kira ta a nan, ko da yake a gabanta Mama nake cewa. 'Yar asalin Italiya ce, 'yar Katolika ta gidi, ta tsufa tana ɗinki a masana'antar tufafi. Tun da mijinta ya rasu shekara goma sha tara da suka wuce ba ta sake sa wani launi ba sai baƙi. Baƙar riga, baƙin siket, baƙar safa, hatta jakar cefanenta baƙa ce. Ita da Baba ba sa ga maciji. Shi ya ce baƙi launin duhu ne, ganinta da sassafe yana hana shi cin karin kumallo. Ita kuma ta ce namiji mai mutunci ba ya yawo cikin gida da singileti kamar wanda ya gudo daga asibiti. Duk da haka kullum da azahar sai ta hawo da kwanon miya ta dire masa, su zauna ɗaki ɗaya suna aikena. "Gaya masa ya sha da zafinta." "Gaya mata gishiri ya yi yawa." Alhali tsakaninsu bai fi taku uku ba.

A aljihun teburinsa na ƙasa akwai wata sudra guda da ba a sawa. Ta tsufa har ta koma ruwan ƙwai, ta yi sirit ana ganin hannu ta cikinta, ga faci a hammata, ga yagewa a gefe. Sau ɗaya na ɗago ta na ce, "Baba, wannan fa?" Ya ce, "Ta tafiya ce. Bar ta nan." Ni kuwa tafiyar da na sani ita ce ta jirgin sama. Na ce lalle tsufa ya yi aiki, mutum da sababbin riguna goma sha biyu zai shiga Indiya da tsumma.

Da sanyi ya fara shigowa ciwon huhu ya kwantar da shi asibiti kwana goma. Maimakon in zauna in huta kamar kowace mai hankali, sai iyayi ya motsa. Na ce kafin ya dawo sai gidan nan ya yi ƙyalli. Daidai lokacin Inna tana tara tsofaffin kaya na cocinsu don rabon masu ƙaramin ƙarfi, ta ce in akwai abin da ba ya sawa in sauko da shi. Na cika manyan baƙaƙen ledoji uku. Da na zo kan wasu tsofaffin takalmansa na rasa abin da zan naɗe su da shi kada su ɓata sauran kayan, sai idona ya faɗa kan aljihun teburin nan. Na zaro rigar, na nannaɗe takalman da ita, na cusa. Wallahi har daɗi na ji, wai na yi dabara.

Ya dawo gida, amma likitoci sun riga sun faɗa wa ɗansa ta waya cewa sai dai addu'a. Ɗan yana Texas, ya ce zai iso ƙarshen mako. Ranar Talata da la'asar ina gyara masa matashi sai ya riƙe mini hannu.

"Dikri, rigar tafiyata tana nan?"

"Tana nan, Baba." Haka bakina ya faɗa tun kafin in yi tunani.

Sai ya fara bayani a hankali, yana hutawa tsakanin kalma da kalma. Ya ce su a addininsu ba a yi wa mamaci sabon kaya, almubazzaranci ne. Tsohuwar sudra mai tsabta ake sa masa, a ɗaura masa igiyarsa, a rufe shi da farin ƙyalle, da attajiri da matalauci duk ɗaya. Ita wannan kuwa matarsa ce ta ɗinka masa da hannu a shekarar aurensu ta farko, lokacin da babu inda za a sayi irinta a garin nan. Ta shimfiɗa tsohuwarsa ta kwaikwaya, ita da take 'yar coci. Ya ce masu tsanani a cikinsu za su yi gunaguni, su yi ta yi. Ya daina sa ta ne tun kafin rigar ta ƙarasa mutuwa, don ta jira shi. "Ɗana bai san waɗannan abubuwa sosai ba. Ke za ki sa masa ita a hannu. Amana na ba ki."

Nan take na tuna takalman nan da baƙar leda. Abin da ya ƙara kashe mini jiki shi ne, ni ce mutum ta ƙarshe da ya kamata ta yi wannan wauta. Mahaifiyata a Kumasi tana da likkafaninta da ta sayo a Makka, a can ƙasan akwatinta, shekara da shekaru har ya fara canza launi. Tun muna yara mun san wanda ya taɓa shi ya taɓo wa kansa. Ita ma in za ta ambace shi ba ta cewa likkafani, cewa take "kayan tafiyata". Kalmar nan da ita na girma, amma da na ji ta a bakin Ba'indiye sai na kasa gane ta.

Na sauka ƙasa a guje na buga wa Inna ƙofa. Ta buɗe kaɗan, ta dube ni ta saman tabarau.

"Mama, ledojin nan uku, suna ina?"

"Coci. Tun makon jiya."

Na faɗa mata abin da nake nema. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Wannan tsumman? Ya tafi. Kuma gara da ya tafi. Mijin yayata ba zai kwanta gaban jama'a da singileti ba. Baƙar kwat ɗinsa na riga na kai an wanke an goge, da ita za a sa shi, kamar mutum."

Da na koma gida da magariba na zayyana wa yayata. Ta ajiye ludayi ta riƙe ƙugu. "Ei! Ke kraa wa ya aike ki? Agency sun ce ki yi cleaning ɗin drawer? Ba care plan suka ba ki ba, takardar iya aikin da za ki yi?" Da ta gama wanke ni tas sai ta kawo shawara, wai in ɗauki sabuwa guda in jiƙa a ruwan shayi, in ɗan yayyaga gefe, wa zai sani? Ba zan ɓoye ba, sai da na auna maganar. Sai na tuna mutumin da yake ɗaga riga a jikin taga yana neman ɗigon datti. Ko ya mutu bai gani ba, ni na gani.

Ranar Laraba da safe ma'aikaciyar jinya ta zo ta zauna da shi, ni kuma na ce wa Inna sai ta raka ni cocin. Ta sa baƙin mayafinta ta biyo ni ba musu, abin da ya kamata ya ba ni mamaki. Aka buɗe mana ɗakin ƙasa, wanda ke ƙarƙashin ginin cocin. Jama'a, ledoji ne tuli har kusa da rufi, kuma dukkansu baƙaƙe, iri ɗaya sak da nawa. Inna ta jawo kujera ta zauna, ta fito da carbinta ta fara ja. Ni kuwa na cire rigar sanyi na duƙufa. In kwance, in zazzage, in tona, in mayar, in ɗaure. Rigunan yara, labule, wandunan da ko mahaukaci ba zai karɓa ba. Ƙura ta cika mini hanci, bayana ya riƙe. In na ɗago na ce, "Mama, ba ki tuna ta wane gefe aka ajiye ba?" sai ta ce, "Gwada can," ta nuna da haɓa, ta koma kan carbinta.

Na kai awa uku a haka sai na ji takun mutum a matakala. Na ɗago na ga Fadan cocin, baƙin mutum dogo, baƙaƙen kaya tun daga sama har ƙasa, da ɗan farin nan nasu a maƙogwaro. Raina a ɓace yake, kuma na saba a unguwar nan ba mai jin abin da nake faɗa. Na ce a fili, "To, ga hankaka kuma ya zo ya ƙara mini zafi."

Ya tsaya, ya gyara murya, ya ce da Hausa garau, "Hankaka dai yana gaisuwa, Hajiya. Sannu da aiki."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ashe mutumin kudancin Kaduna ne, an turo shi aiki nan. Na shiga ba da haƙuri ina in-ina, shi kuwa dariya yake har da riƙe ciki. Ya ce tun yana makarantar Fada yaran unguwa suke kiransu haka, ya yi kewar sunan ma. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya cire kwat ya naɗe hannun riga ya kama mini. Muna tona ina ƙorafi, na ce ni dai an sa ni a tsakiya, na sama ya ce baƙi duhu ne, ta ƙasa ta ce fari rashin mutunci ne. Ya ce, "Baƙin nan namu tuni ne cewa mun bar wa duniya kayanta. Nata kuma takaba ce da ta ƙi fita. Amma ki zo jana'izarmu ki gani, da an shigo da akwatin gawa farin ƙyalle muke rufa masa, don tuna farar rigar da aka sa wa mutum ranar baftismarsa. Mu ma da fari muke sallamar namu. Ita ma ta sani." Ya faɗi wannan na ƙarshe yana kallon Inna, wadda ba ta jin ko kalma ɗaya.

Can wajen azahar na ci karo da ledata. Na gane ta da wata rigar sanyin Baba mai maɓallan katako. Na zazzage, takalman suka faɗo ƙasa tsirara, babu abin da aka naɗe su da shi. Na tona sauran kayan sau uku. Fada ya ɗauki takalmi ɗaya ya jujjuya, ya ce, "Wa ya ɗaure bakin ledojin kafin a kawo?" Na ce Inna ce. Ya ce, "To." Ya ajiye takalmin. Ni kuwa gajiya ta toshe mini kai, na zauna a kan tulin kayan mutane na fashe da kuka. Inna ta miƙe ta kakkaɓe siket ta ce lokacin miyar Baba ya yi.

Da yamma na zauna a bakin gadonsa na faɗa masa gaskiya, tun daga takalman har ƙaryar da na yi masa. Idonsa a rufe, na ɗauka ma barci yake. Sai na ga gefen bakinsa ya motsa.

"Ta hannun wa kayan suka bi?"

"Ta hannun Mama."

"Matar da in ta warware tsohon siket take naɗe zaren ta ajiye?" Ya ja numfashi. "Sauka ƙasa, dikri. Ba ta taɓa yar da komai ba."

A nan ne abin ya faɗo mini. Awa huɗu! Awa huɗu tana zaune tana jan carbi tana nuna mini kusurwa da haɓa! Na sauka ina huci, na buga ƙofa har hannuna ya yi zafi. Ina jin rediyonta a ciki, amma ta ƙi buɗewa. Haka na kama hanyar Bronx, ina zaune a jirgin ruwa ina tsara maganganun da zan faɗa mata, kowace ta fi 'yar'uwarta zafi.

Ranar Alhamis da hantsi Baba ya cika, ina riƙe da hannunsa, 'yar fitilarsa na ci. Ɗan ya taso da gaggawa ya iso da la'asar, tare da wani limaminsu da suke kira mobed, dattijo mai sanyin magana cikin fararen kaya. Muna falo ana shawarar yadda za a yi sai ga Inna ta hawo, ɗauke da baƙar kwat a cikin ledar masu wanki. Ta rataye ta a jikin ƙofa ta ce da wannan za a sa shi. Mobed ya ce a yi haƙuri, su da fari suke sallamar mamaci, kuma akwai sababbin sudra a ɗaki, in tsohuwar ba ta samu ba za a wanke ɗaya a yi da ita. Ɗan ya dubi innarsa ya dubi limamin. Na ga dai in na yi shiru amanar nan ta tafi ke nan.

Na miƙe. Duk maganganun da na tsara a jirgin ruwa suka zubo, Turanci da Hausa a haɗe. Na ce tana hannunki, kin sani na sani, kin sa ni na shaƙi ƙurar duniya kina kallo, ki ji tsoron Allah ki fito da rigar bawan Allah. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "Takalmi kika naɗe da ita."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta ci gaba.

"Na buɗe leda na ga hannun yayata a jikin ƙasan takalmi. Kowane ɗinki a rigar nan na san shi, ni na koya mata kalmasa. Duk abin da ta bari yana cikin akwatuna a ɗakin ƙasa, ruwan guguwa ya shiga ya cinye. Rigar aurenta, hotuna, komai. Wannan kaɗai ta rage a duniya da allurarta ta ratsa. Ke kin mayar da ita tsumma, su kuma suna so in ba ƙasa."

Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba. Yadda ake ba babba haƙuri a gidanmu haka na ba ta, a durƙushe, ko da yake na san ba al'adarsu ba ce, har ta ja da baya. Na ce laifin takalmi nawa ne, ta yi mini duk hukuncin da take so, na ma riga na sha rabi. Sannan na ce, "Amma Mama, yayarki ba don a ajiye ta ɗinka ba. Don ta taɓa jikinsa ta ɗinka. Shekara nawa yana jira ya sa ta ya je mata da ita."

Ta daɗe tana kallona kamar za ta mare ni. Sai ta juya ta sauka. Muka ji ƙofarta ta rufe, na ce shi ke nan na ƙarasa ɓata lamarin. Bayan kamar minti goma ta dawo da wani ɗan ƙunshi a farar takarda. Ta buɗe a kan tebur. Rigar ce, an wanke ta, tabon man takalmin ya fita, an goge, yagewar gefen nan an ɗinke ta da wani irin ɗinki ƙanana da sai ka kai ido kusa za ka gani. Ta ciro ɗan almakashi daga aljihu, ta nemo wani zare da ya sako a ƙasan kalmasa, ta datse, ta naɗe shi a yatsa ta sa cikin littafin addu'arta. Sannan ta tura mini rigar, ba ɗan ba. Ta ce, "Ke ya ba amana. Ba shi." Na ɗauka da hannu biyu na sa wa ɗan a hannu, kamar yadda aka ce in yi.

Za ku ce daga nan an shirya. Ina! Mobed ya roƙi masu zuwa jana'iza su sa fari ko wani abu mai haske, Inna kuwa ta ce shekara goma sha tara ba ta cire baƙi don kowa ba, ba za ta fara a kan mutumin da ya raina mata miya ba. Washegari a gidan jana'izar ɗaki ya cika da 'yan'uwansa, maza da mata fari fat, ga ƙamshin itacen da suke ƙonawa. Sai ga ta a bakin ƙofa, baƙa ƙirin tun daga kai har ƙafa, Fada na biye da ita don ya rako ta. Kawuna suka juyo. Karo na farko tun da na san ta na ga ta rasa inda za ta sa ƙafa. Ta tsaya cak, ba ta shiga ba, ba ta koma ba.

Ina da farin mayafi a kafaɗa a kan hijabina. Na zare na je na yafa mata. Ta buge mini hannu ta ce, "Ba haka ake yi ba," ta gyara shi da kanta, ta sako gefe biyun a ƙirji, ta ɗaga kai ta wuce har layin gaba ta zauna kusa da ɗan. Fada ya sunkuyo ya raɗa mini, "Hajiya, yau hankaki sun zama biyu." Na toshe baki da hannu, mutane suka ɗauka kuka nake. Rabi kukan ne.

Kwat ɗin nan dai ɗan ya ba coci, ta koma cikin baƙar leda a ɗakin ƙasa. Inna ba ta taɓa ba ni haƙurin awa huɗun nan ba, kuma mayafina har na bar aikin unguwar ba ta mayar mini ba. Na tambaya sau ɗaya ta ce wane mayafi.

Abin da na koya bai da yawa, amma ya zauna mini daram. Na shekara ina ganin tsofaffin nan biyu a matsayin masu taurin kai a kan launin yadi, ashe shi da farinsa, ita da baƙinta, kowa mamacinsa yake riƙe da shi. Ni ce kawai a gidan nake ganin tsumma. Tun daga ranar, duk gidan da aka tura ni, ko tsinken sakace na gani a aljihun teburin tsoho ba na yarwa sai na tambaya, in ya ba ni amsar da ban gane ba in sake tambaya. A makon nan kuma na kira mahaifiyata a Kumasi na ce ta gaya mini daidai inda kayan tafiyarta suke, da wanda take so ya ɗauko. Ta ce, "Shekara nawa ina jiran ɗayanku ya tambaya."